Marubucin da aka ci tara don ya sa gari kuka

Mai karatu, ka taɓa jin an ci mutum tara don ya iya aikinsa? To, an yi a Atina, ƙasar Girka.

A shekarar 494 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Farisa ta murƙushe birnin Militus. Aka kashe yawancin mazan, aka kwashe mata da yara bayi. Mutanen Militus kuwa dangin mutanen Atina ne. Lokacin da mutanen Militus suka yi wa Sarki Dariyus na Farisa tawaye, Atina ta shiga yaƙin da jiragen ruwa 20, daga baya ta zame jiki ta bar su da masifa. Riƙe wannan a ranka.

A wancan zamani wasan kwaikwayo bai daɗe da haihuwa a Atina ba. Ɗan wasa guda ne tak, yana sauya abin rufe fuska, 'yan amshi suna waƙa da rawa a bikin gunkinsu Diyonisus. Labaran gumaka da jaruman dā aka saba gani. Sai wani marubuci, Firinikus, ya ajiye tatsuniya ya ɗauko ɗanyen miki: faɗuwar Militus. Da kai ne, za ka iya?

Masanin tarihi Hirodotus ya ce 'yan kallo duka suka ɓarke da kuka. Ka dubi taron nan: manyan gari da mayaƙa, zaune a buɗaɗɗen fili da rana tsaka, hawaye na zuba. Ka ce kyauta za su ba shi, ko?

Ina! Tarar dirakma 1,000 suka ɗora masa, saboda ya tuna musu da bala'in da ya shafi nasu. Suka kuma hana kowa sake nuna wasan. A ganina kunya ce ta ci su, domin sun san wanda ya juya wa Militus baya.

Firinikus bai ajiye alƙalami ba. A shekarar 476 kafin haihuwar Annabi Isa ya lashe gasar wasanni, kuma Temistokilis, gwarzon da ya karya jiragen Farisa a yaƙin Salamis, shi ya ɗauki nauyin kuɗin wasan. Wasan Militus kuwa ya ɓace, sunansa kaɗai ya iso gare mu.

Yanzu faɗa mini gaskiya, mai karatu: da kana cikin masu yanke hukunci ranar nan, idonka jawur, tara za ka ce ko tukuici?