Taswirar Ma'ana: Aikin da Ake Yi Kafin Gina Rumbun Bayanai

Kafin a rubuta wa kwamfuta umarni ko ɗaya domin gina rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da asibiti ko banki ko makaranta ke tara bayanansu a cikinta bisa tsari, akwai aikin da ake yi da takarda da alƙalami da doguwar tattaunawa, shi ne tantance abubuwan da rumbun zai ƙunsa da irin dangantakar da ke tsakaninsu. Abin da ke fitowa daga wannan aiki shi ake kira taswirar ma'ana, kuma babu ruwanta da irin na'urar da za a saya ko manhajar da za a ɗora mata. Abin da ta damu da shi shi ne harkar kanta, kamar a ce asibiti yana da majiyyata da likitoci da ɗakunan kwanciya, kuma kowane majiyyaci da aka kwantar yana da gado ɗaya a lokaci guda.

Wannan tunani ya kafu ne a Amurka. A shekarar 1970 Edgar Codd, masanin lissafi a kamfanin IBM, ya nuna cewa ana iya tsara bayanai cikin jadawali ba tare da mai amfani da su ya san yadda na'ura ta jera su ba. A 1975 wani kwamiti da aka sani da ANSI/SPARC ya raba bayanin kowane rumbu zuwa matakai uku: na waje, wanda shi ne abin da kowane ma'aikaci ke gani gwargwadon aikinsa, ta yadda akawu zai ga kuɗi, likita kuma ya ga magani; da mataki na ciki, wanda ya shafi yadda ake adana bayanan a kan faifai, sai na tsakiya, wato taswirar ma'ana, wadda ke riƙe da sauran biyun, har a iya sauya na'ura baki ɗaya ba tare da ma'anar bayanan ta gusa ba.

A 1976 Peter Chen, haifaffen Taiwan, ya kawo hanyar zana wannan taswira da ta fi kowace yaɗuwa. A wurinsa kowace harka ta ƙunshi abubuwa masu zaman kansu, kamar ɗalibi ko darasi, da sifofinsu, kamar suna ko ranar haihuwa, da dangantakar da ke haɗa su, kamar rajistar ɗalibi a darasi. Ana sa kowane abu cikin akwati mai kusurwa huɗu, a ja layi zuwa ga alamar dangantaka, sannan a rubuta adadi a jikin layin.

A wurin wannan adadi ne wahalar take, domin tambayar ko ɗaya ne ko da yawa ba kwamfuta ce ke amsa ta ba, al'umma ce. Taswirar da aka zana a ƙasar da doka ta taƙaita aure ga mace ɗaya za ta ba kowane ma'aikaci gurbin mata guda, kuma idan aka kawo ta inda namiji kan auri har huɗu, sai akawu ya koma cusa sunaye uku a gurbin da aka tanada don ƙarin bayani, inda babu lissafin gado ko na inshorar lafiya da zai iya gano su. Haka nan tsarin da ya wajabta sunan dangi yana tilasta wa Bahaushe ya sa sunan mahaifinsa ko na garinsu, abin da kan sa mutum ɗaya ya bayyana da sunaye daban-daban a takardu daban-daban, shi kuwa dattijon da ba a rubuta ranar haihuwarsa ba sai a laƙaba masa ɗaya ga Janairu. Ana yawan ɗora laifin irin wannan a kan masu shigar da bayanai, alhali tun daga zanen aka yi kuskuren.

Wani rahoto na hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, da ya fito a 1982 ya shimfiɗa sharuɗɗa biyu: dukkan dokokin harkar su kasance cikin taswirar, kada a warwatsa su cikin manhajoji, kuma kada a shigar da komai na fasahar na'ura a cikinta. Sharaɗi na farko ya fi wuyar cikawa, saboda da yawa daga dokokin kowace ma'aikata ba a rubuce suke ba, suna cikin kan tsofaffin ma'aikata, kuma sai mai zanen ya zauna da su ya yi ta tambaya kafin su tuna cewa majiyyaci kan zo a sume ba tare da an san ko sunansa ba, kuma dole rumbun ya karɓe shi haka.