Ulanbator: Birnin da Sanyi Ya Cika da Jama'a

Yau mun nufi Ulanbator ta ƙasar Mongoliya, wadda duk cikin manyan biranen ƙasashen duniya babu mai kai ta sanyi. A daren watan Janairu awon yanayi kan sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifili, wani lokaci har 40. Tun tsakiyar Satumba ake fara ɗumama gidaje, ba a dainawa sai tsakiyar Mayu.

A tsakiyar gari, manyan tashoshi masu ƙona kwal, waɗanda aka gina zamanin ƙawance da Tarayyar Sobiyet, su ke tura ruwan zafi ta bututu zuwa benaye. Wuta ɗaya na wadatar da dubban ɗakuna. To amma gari ya girmi bututun. Yau kusan rabin mutanen ƙasar a nan suke zaune, kuma fiye da rabinsu na unguwannin bayan gari, a kan tuddai, cikin ƙananan gidaje da tantunan makiyaya da ake kira ger.

Me ya kawo su? Da yawansu sanyin ne ya koro su daga daji. Akwai wata masifa da suke kira zud: damina ta yi ƙaranci, dabbobi su shiga hunturu a rame, ƙanƙara ta rufe ɗan abin kiwon da ya saura. A hunturun 2009 zuwa 2010 kaɗai, dabbobi sama da miliyan 7 suka mutu. Makiyayin da garkensa ya ƙare ina za shi? Sai ya naɗe tantinsa ya kafa a gefen birni, inda bututu bai kai ba. Kowane gida da murhunsa, dare da rana ana zuba kwal. Wanda kuɗinsa ya gaza ya ƙona taya da roba.

Birnin kuma a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi. Iska mai sanyi kan kwanta ƙasa, mai ɗumi ta danne ta, hayaƙi ya rasa mafita. Yara ƙanana su suka fi shan wahala, asibitoci na cika da masu ciwon huhu, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai.

A watan Mayun 2019 gwamnati ta haramta ƙona ɗanyen kwal a gidajen birnin, ta kawo curarren kwal. Hayaƙi ya ragu a hunturun farko, sai dai an rasa rayuka saboda iska mai guba da ke taruwa a ɗakunan da aka toshe ko'ina don gudun sanyi.