Gado ko tarbiyya: Darasin da Jos ta bai wa masu tsara manufofin ilimi

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya ba wannan karin magana wani ƙarfi. A Ingila, ayarin Farfesa Robert Plomin ya bibiyi dubban tagwayen da aka haifa tsakanin 1994 da 1996, ya kwatanta masu kama ɗaya da waɗanda ba su yi kama ba. Sakamakon ya nuna cewa fiye da rabin bambancin da ke tsakanin ɗalibai a jarrabawar kammala sakandare yana da nasaba da gado.

Jami'in da ya ji wannan yana iya cewa kashe kuɗi a kan yaron da ke baya a aji asara ce. Wani bincike da aka yi a Jos, a fannin lafiyar yara, ya nuna kuskuren wannan tunani.

A shekarun 1990, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun nazarci yara masu lanƙwasassun ƙafafu saboda laushin ƙashi. Sun lura cewa cutar ta fi yawa a gidajen da wani ɗan uwa ya taɓa yin ta. Duk da haka, gwajin da suka wallafa a 1999 a kan yara 123 ya nuna cewa sinadarin kalsiyam, wanda ya yi ƙaranci a abincin yaran, ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Abin da ke bin dangi, ashe, yana jin magani.

Haka lamarin yake a fagen karatu. A 2003, Eric Turkheimer ya gano cewa a tsakanin tagwayen iyalai matalauta a Amurka, muhallin gida ya rinjayi gado wajen bambancin ƙwazo, yayin da gado ya fi bayyana a gidajen masu hali. Sannan babban nazarin 2018, wanda ya ƙunshi mutum miliyan 1.1, an yi shi ne a kan masu asalin Turai, kuma ma'auninsa yana raguwa ƙwarai idan aka gwada shi a kan 'yan asalin Afirka.

Saboda haka, kafin takardar da ke ambaton baiwar haihuwa ta wuce teburin wani darakta a Abuja, ko ta shiga muhawara a Cibiyar Nazarin Manufofi da ke Kuru, ya kamata a tambaya: a ina aka auna, kuma yaran sun ƙoshi? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta yi wa kowane yaro alkawarin karatun shekara tara kyauta. Har sai ɗan Angwan Rogo da ɗan Rayfield sun sami abinci, malami da littafi daidai gwargwado, makin jarrabawarsu zai fi ba da labarin aljihun iyayensu.