Kayan Cikin Kifi: Ƙazanta A Kwata, Taki A Gona

Birnin Zazzau ba gari ne na bakin babban kogi ba, amma kifi bai yanke masa ba. Kogin Galma da rafin Kubanni suna kusa, ga kuma madatsar ruwa ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina a kan Kubanni a 1973, da ta Galma wadda ta biyo baya a 1975. Daga waɗannan wurare masunta da yara masu fatsa su kan shigo ta Ƙofar Doka da sauran ƙofofi ɗauke da tarwaɗa da karfasa.

Matsalar tana farawa ne bayan an isa gida. Idan aka gyara kifi, sai a watsa hanji da ɓawo da ƙaya a kwata, ko a jefa su cikin kududdufin unguwa. A birni mai lunguna da gidaje manne da juna, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ƙuda ya kan saka ƙwai wajen 100 a zama guda, kuma da zafi kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwan ya zama ƙuda. Shi ne zai tashi daga kwata ya sauka a kan tuwo, ya kawo gudawa. A kududdufi kuwa, ruɓewar tana cinye iskar da ke cikin ruwa, ruwan ya yi wari, ƙananan kifaye su mutu.

Abin mamaki, wannan da a ke zubarwa dukiya ce. Naman kifi yana ɗauke da sinadarin naitirojin, ƙayarsa kuma tana da fosfaras da kalsiyam, abincin da shuka ke bukata, wanda manomi ke saye da tsada a buhun takin zamani. A haƙa rami mai zurfin kamu guda nesa da rijiya, a zuba, a barbaɗa toka, a rufe da ƙasa a danne don kada kare ya tone. Bayan 'yan watanni ya zama taki. Mai kiwon kaji kuma ya tafasa, ya shanya, ya daka, ya gauraya da dusa.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne. Tun kaka da kakanni jakuna ke fita da sharar birni cikin mangala zuwa gonaki. Abin da ya rage shi ne masu unguwanni da ma'aikatan tsabta su tunatar da jama'a, tun kafin damina ta cika kwatoci.