Ofis Ba Takarda, Amma da Wane Tsari?

Tun da ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Walson-Jack, ya ɗibar wa ma'aikatu wa'adin ƙarshen 2025 su daina aiki da takarda, hirar ba ta wuce kwamfuta nawa za a saya da wanda zai samu kwangilar ba. A kamfanoni ma haka abin yake: a ɗauki hoton tsofaffin fayiloli, a jibge su a rumbun bayanai, a ce an ci gaba. An gudu ne ba a tsira ba. Rahoton da kowa ya rubuta yadda ya ga dama, ko a allon kwamfuta sai an sha wuya kafin a gane inda ya dosa.

Maganin ba sabo ba ne: samfuri, wato shafin da aka riga aka tsaga wa gurabe, wurin take, wurin matsala, matakan warware ta, sunan mai rubutu da ranar da aka sabunta. Manhajoji irin su Confluence da Notion da nasu suke zuwa. Toyota kuwa tun tuni ta saba wa ma'aikatanta su taƙaita matsala da sanadinta da maganinta a takarda ɗaya mai girman A3.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake kawo mana wannan kamar ba mu taɓa ganinsa ba. A dubi wasiƙun Daular Usmaniyya. Gidan Waziri, tun zamanin Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke riƙe da aike-aiken Sarkin Musulmi da sarakunan ƙasa, kuma wasiƙun na bin hanya ɗaya ce. Bisimilla da salati a sama, ga hatimin mai aikowa, sai daga wane zuwa ga wane da laƙabin da ya dace da shi, sai gaisuwa, sai "bayan haka", nan ne maganar take, a rufe da sallama. Magatakarda a Kano ko Zazzau ya san inda zai kai idonsa tun kafin ya gama warware takardar, hatimin kuma shi ke gaya masa ko ta gaskiya ce. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, tarin irin waɗannan wasiƙu suka tarar a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927.

Sai dai tsarin na da giɓi ɗaya da har yau masu tarihi ke fama da shi: yawancin wasiƙun ba su da kwanan wata. Ba a ware masa gurbi ba, don haka ba a rubuta ba. Manzo ya san ranar da ya taso, mai karɓa ya san ranar da ta iso, a ganinsu shi ke nan. Yanzu sai mai bincike ya bi sunayen sarakuna da shekarun mulkinsu kafin ya kintaci lokacin.

Wannan giɓin ne ke jiran rumbunanmu na yau. Sabon ma'aikaci zai buɗe umarni biyu masu karo da juna kan biyan kuɗin tafiya, bai san wanne ya soke wanne ba, dole ya koma neman tsohon akawun da ya yi ritaya. Manyan sakatarori da manajoji, kafin ku sa hannu a takardar sayen wata na'ura, ku zaunar da masu aikin su fitar da samfuri uku ko huɗu, ku kuma sa manhajar ta ƙi karɓar duk shafin da ba suna, ba kwanan wata.