Masu Bin Sawun Hayaƙi Daga Bakin Bututu Zuwa Huhun Ɗan'adam

Akwai reshen kimiyyar muhalli da aikinsa shi ne bin sawun hayaƙi da ƙura tun daga inda suka tashi har su isa hancin mutum. Masu wannan aiki suna neman amsar tambayoyi uku a jere: me ya fito daga salansar mota ko murhu ko bututun masana'anta, ina iska ta kai shi, kuma nawa ne ya shiga ƙirjin wa. Da yake ba zai yiwu a kafa na'urar awo a kowane lungu ba, balle a rataya wa kowa tasa, sai su gina abin da ake kira samfurin lissafi. Samfurin kwaikwayon gari ne da iskarsa a cikin kwamfuta. Ana zuba masa bayanin hayaƙin da ake fitarwa, da yanayin iska, da tsayin gine-gine, da zirga-zirgar jama'a, shi kuma ya ƙiyasta yawan gurɓatar da ke kowane wuri a kowace sa'a.

Dalilin wannan wahala a fili yake. Baligi yana shaƙar iskar da ta haura lita 10,000 a kullum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen iska, na waje da na cikin gida, yana da hannu a mutuwar mutane kusan miliyan 7 duk shekara. Abin da ya fi damun masana shi ne ɓurɓushin da ake kira PM2.5, wanda kaurin gashin kai ya ninka nasa sau talatin. Hanci ba ya iya tace shi. Yakan wuce har can ƙarshen huhu, ya haddasa ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da kansar huhu, da nimoniyar yara. A 2021 hukumar ta rage ma'aunin da take ba da shawara a kansa zuwa maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin shekara.

Fannin ya samo asali ne daga musibu. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan kwana biyar, daga ranar 5 zuwa 9, saboda iska mai ɗumi ta zauna a saman mai sanyi kamar murfin tukunya, hayaƙi ya rasa mafita. An fara ƙirga mutum 4,000 da suka rasu, daga baya bincike ya kai adadin kusan 12,000. Dokar Tsabtace Iska ta 1956 ta biyo baya. A wannan zamanin ne kuma Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech ya gano cewa hazon da ke sa idon mutanen Los Angeles hawaye ba a bututu yake fitowa kai tsaye ba. Hasken rana ne ke dafa hayaƙin motoci a sararin sama ya mayar da shi iskar ozon. Tun daga nan aka fahimci cewa sanin abin da ya fita daga bututu bai isa ba, sai an san abin da iska da rana suka yi da shi.

Tushen lissafin bazuwar hayaƙi abu ne da duk wanda ya taɓa tsayawa kallon bola tana ci zai gane. Hayaƙi yana barin tushensa a matse, iska tana jansa, yana buɗewa a faɗi da tsayi, yana sirkuwa da iska mai tsabta. Ya fi kauri a tsakiya, yana raguwa zuwa gefe. Idan ƙarfin iska ya ninka, kaurin hayaƙin yakan ragu da rabi. A 1961 masanin yanayi na Ingila Frank Pasquill ya kasa halin iska gida shida, daga A zuwa F. Rukunin A shi ne tsakar rana mai zafi, lokacin da ƙasa ta gasu, iska tana tashi sama tana jujjuyawa, hayaƙi ya watse nan da nan. Rukunin F kuwa dare ne mai sarari, ba gajimare, ba motsin iska sosai, ƙasa ta huce, iskar da ke kusa da ita ta yi nauyi ta kwanta. Wannan ne ya sa bayan magariba a lokacin hunturu ake ganin hayaƙin girki ya shimfiɗu a kan unguwa daidai tsayin katanga, fitilar babur tana yanka shi, alhali da azahar an hura wuta iri ɗaya ba a ga haka ba. Manhajojin da ake aiki da su yau, irin su AERMOD ta hukumar kare muhallin Amurka da ADMS ta Ingila, sun wuce lissafin Pasquill nesa, amma a kan harsashinsa aka ɗora su.

Cikin gari ya fi fili wuyar lissafi. Idan titi ya ratsa tsakanin dogayen gine-gine, iskar da ta ƙetaro ta saman rufi takan faɗo ta yi juyi, ta kwashe hayaƙin motoci ta jibge shi a gefen da ta fito, har mai shago a wannan gefe ya shaƙi abin da maƙwabcinsa na tsallaken titi bai shaƙa ba. Wani bincike da Joshua Apte da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna girman wannan bambanci. Sun ɗora na'urorin awo a kan motocin Google masu ɗaukar hoton tituna, suka yi ta zagaya birnin Oakland na Kalifoniya, suka tarar cewa a cikin layi ɗaya gurɓatar wani wuri kan ninka ta wani sau biyar zuwa takwas. Ke nan na'ura guda a kan rufin ofishin gwamnati ba za ta faɗi halin da mai tallan bakin shataletale yake ciki ba. Akwai wata dabara mai sauƙin kuɗi da David Briggs da abokansa suka gwada a Amsterdam da Huddersfield da Prague a shekarun 1990: a auna wurare da dama, a nemo dangantakar abin da aka auna da kusancin titi, da yawan motoci, da cunkoson gidaje, sannan a yi amfani da wannan dangantaka a cike sauran taswirar garin.

Sai dai taswira, komai kyanta, ba ta numfashi. Mutum ne ke numfashi, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Nan ne sashe mafi muhimmanci na fannin ya shigo, wato lissafin abin da mutum ya shaƙa. A shekarun 1980 Wayne Ott da Lance Wallace na hukumar kare muhallin Amurka suka juya tambayar baya: maimakon a fara daga bututu, a fara daga mutum. Aka rataya wa ɗaruruwan mutane ƙananan na'urori suna yawo da su. Sakamakon ya ba da mamaki. Ko a garuruwa masu matatun mai da masana'antun sinadarai, irin su Elizabeth da Bayonne a jihar New Jersey, yawancin gubar benzin da makamantanta da mutane suka shaƙa daga kusa da su ta fito, daga taba sigari, da fenti, da kayan goge-goge na cikin gida. Wata ƙididdiga ta gaba ta nuna cewa mutumin Amurka yana yin kusan kashi 87 cikin 100 na lokacinsa a cikin gini, kashi 6 kuma a cikin mota.

Kirk Smith, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kafin rasuwarsa a 2020, ya kai wannan tunani madafar talaka. A 1981 shi da abokan aikinsa 'yan Indiya suka ɗaura wa mata na'urorin awo a ƙauyukan jihar Gujarat yayin da suke girki da itace da kashin shanu, suka samu hayaƙin da ya zarce na birane masu masana'antu nesa ba kusa ba. Smith ya yayata wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: hayaƙin da aka saki a cikin ɗaki ya fi wanda aka saki a waje yiwuwar shiga huhun mutum kusan sau dubu. Shekaru da dama hukumomi suna kallon dogon bututu saboda shi ake hangowa, alhali murhun da ke gaban uwa da goyonta ya fi shi kisa. Gyara wannan kuskure na daga cikin manyan alheran da fannin ya yi wa duniya.

Lissafin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Ana raba yinin mutum zuwa wuraren da ya zauna, a ninka kaurin gurɓatar kowane wuri da sa'o'in da ya yi a can, a haɗa, a raba da 24. A ɗauka, don misali kawai, mace ta yi sa'a 3 a madafi inda awo ya nuna 400, sauran sa'a 21 kuma a inda ya nuna 40. Madafi ya ba ta 1,200, sauran yinin ya ba ta 840, matsakaicinta ya zama 85. Na'urar unguwa za ta ce 40, amma ita ta shaƙi fiye da ninki biyu, kuma fiye da rabin abin da ta shaƙa a sa'o'i uku ya same ta. Wahalar tana wajen samun alkaluman gaskiya: wa ke ina, da ƙarfe nawa, taga a buɗe take ko a rufe, mutum yana zaune ne ko yana aikin ƙarfi da ke ninka numfashinsa. Shi ya sa masanin wannan fanni kan koma mai tambayar mutane yadda suke tafiyar da yininsu.

Amfanin aikin yakan bayyana a doka da asibiti. Binciken Birane Shida na jami'ar Harvard, wanda ya bi lafiyar manya sama da 8,000 tun daga 1974, ya nuna a 1993 cewa yawan mace-mace a Steubenville, gari mafi gurɓata cikin shidan, ya ɗara na Portage, mafi tsabta, da kashi 26 cikin 100, ko bayan an cire tasirin shan taba. A 1997 Amurka ta kafa ma'aunin PM2.5 na farko. A Landan, da irin waɗannan taswirori aka auna abin da zai faru kafin a ƙaddamar da sabon tsarin cajin tsofaffin motoci masu hayaƙi a tsakiyar birnin a watan Afrilu na 2019. A Disamba 2020 kuma mai binciken musabbabin mutuwa a birnin ya yanke cewa gurɓataccen iska na cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma, wadda gidansu ke kusa da babban titin South Circular, wadda kuma ta rasu a 2013.

Ana shiga wannan sana'a ta ƙofofi da yawa. Wasu sun fara da digirin fiziks ko kimiyyar sinadarai, wasu da injiniyanci, ko ilimin yanayi, ko labarin ƙasa, ko lafiyar al'umma, sannan su ƙware a digiri na biyu da na uku. Abin da babu makawa a kansa shi ne lissafi da ilimin ƙididdiga, da iya rubuta umarnin kwamfuta da harsuna irin su Python da R, da sarrafa taswira. Yawancin kwanakin aiki a gaban kwamfuta suke ƙarewa, ana tsabtace alkaluma, ana neman dalilin da ya sa wata na'ura ta yi shiru kwana uku. Amma wanda bai taɓa hawa tsani ya ɗaura na'ura a jikin falwaya ba, bai auna farar takardar tacewa kafin a kai ta fili ya sake auna ta bayan ta dawo baƙa ƙirin ba, da wuya ya san inda samfurinsa ke yi masa ƙarya. Dole a riƙa gwada hasashen kwamfuta da awo na zahiri, kuma a wannan fanni hasashen da bai kauce wa awo da fiye da ninki biyu ba ana ganin ya yi ƙoƙari. Masanin kirki yakan faɗi girman kuskurensa tare da sakamakonsa, domin taswira mai launuka tana saurin shawo kan mai mulki fiye da yadda ta cancanta. Wuraren aiki sun haɗa da jami'o'i, da hukumomin muhalli da na hasashen yanayi, da kamfanonin da ke tantance illar sabuwar masana'anta ko hanya kafin a gina ta, abin da dokar Najeriya ta wajabta tun 1992.

Afirka ta Yamma na cikin yankunan da suka fi buƙatar waɗannan masana, kuma samfurin da aka ɗinka wa Turai ba ya shiga jikinta sai an gyara. Tushen hayaƙin daban ne: itace da gawayi, janareta a bayan kowane shago, ƙona bola, tsofaffin motoci da babura, titunan da ba kwalta, da baƙin toka irin wanda ya addabi Fatakwal daga 2016. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi. Raba abin da Sahara ta turo da abin da gari ya haifar da kansa aiki ne na musamman, kuma shi ke nuna wa hukuma inda ƙoƙarinta zai yi tasiri. Taurarin ɗan'adam suna taimakawa, haka ma ƙananan na'urori masu araha irin waɗanda shirin AirQo na jami'ar Makerere a Yuganda ke ƙerawa, ko da yake laima da ƙura kan ruɗe su idan ba a daidaita su da babbar na'ura ba. Birnin Akra ya yi gaba a wannan fage. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya kwatanta unguwanni huɗu, ciki har da Nima mai yawan masu jin Hausa, ya samu cewa unguwannin marasa ƙarfi masu cunkoso da girki da itace da gawayi sun fi unguwar masu hali ta East Legon ɓurɓushi a iska. Tsakanin 2019 da 2020 Raphael Arku da abokan aikinsa suka auna wurare 146 a birnin da kewayensa, suka fitar da taswirar PM2.5 ta unguwa-unguwa, ɗaya ta lokacin hunturu, ɗaya ta sauran watannin shekara.