Me Ke Kashe Kwamfutar Tebur Tana Tsaka Da Aiki?

Sau da yawa idan kwamfutar tebur ta ɗauke wuf babu sallama, kanta take ceta. Ƙwaƙwalwarta, wato CPU, tana da ma'aunin zafi. Da ta kai kusan digiri 100 a yawancin na Intel, ko 95 a sababbin AMD Ryzen, sai ta rage gudu. In zafin ya ƙi sauka, ta kashe kanta.

Ƙura ce kan gaba wajen laifi. A shagunan buga takardu na Kano ko Zinder, hunturu ɗaya ya isa ya toshe haƙoran ƙarfen da ke tsotse zafin ƙwaƙwalwar, sai fanka ta yi ta kuka iska ba ta wucewa. Bazara ta zo ta ƙarasa aikin. Mai gyara na kirki yakan cire waya daga soket, ya buɗe akwatin, ya riƙe fankar da yatsa kafin ya hura, don kada juyin ya ɓata ta. In man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen ya bushe, a goge a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.

Fankar da ke gurnani kuwa, canji kawai take so. Manhajar HWMonitor tana nuna zafi da gudun kowace fanka.

In zafi daidai yake amma kwamfutar ba ta daina ɗaukewa ba, a gwada RAM da manhajar MemTest86, sannan a zargi akwatin wuta, wato wanda ke ba kwamfutar lantarki. Wannan kam ba a buɗe shi a gida, don yana riƙe lantarki ko an kashe.